Turmin Dogo Mai Maganin Agara

Ku matso kusa, ku rage surutu. Labarin ga duk wanda ya ba ku shi a tashar Tsafe, a bakina ya tsince shi, kuma rabi ya zubar a hanya. Ni a gabana anka yi komi, da idona biyu, kuma idona ko yanzu ya fi na yaran zamani gani.

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, lokacin nan da anka shiga wahalar man fetur, direbobi na wuni bisa benci suna korar ƙuda, akwai wani mutum a bakin tashar Tsafe ana ce mashi Dogo mai rediyo. Gyaran rediyo yake yi da kwafar kaset. Gwani ne ƙwarai. Ka kawo mashi rediyo mai kama tasha biyu, ya mai da maka shi mai kama guda, ya ce ɗayar dama ƙarya take yi, ya raba ka da ita. In ya kwance abu ya ɗaure, ba a rasa kusoshi su yi saura, sai ya ce masu kamfanin ne sunka cika almubazzaranci.

Dukiyar Dogo a duniya guda ce: rumfarsa. Tana nan daidai ƙofar tasha, ƙarƙashin iccen bedi, duk wanda ya sauka mota sai ya bi ta gabanta. Nan yake ci, nan yake cika baki, nan ni ma nake shan inuwa, don mutum mai daraja kamata bai zama a rana.

To sai Alhaji Sahabi, shugaban direbobi, wanda maganarsa ke tada rumfa ta kwantar da rumfa a tashar nan, ya ce rumfar Dogo ta tsare hanya. A tashe ta bayan salla.

Shi kuwa Alhaji Sahabi yana da ciwo, kowa ya sani. Agara, wannan jijiya ta bayan diddige. Tun yana saurayi yake taka kulocin babbar mota, har ƙafar hagu ta ce ta gaji. Wurin ya kumbura, in ya tashi da safe zai taka ƙasa sai ka ji salati har maƙwabta. Tafiya yake kamar mai ratsa rairayi da azahar babu takalmi. An yi ƙaho, an yi man zafi, an sha sassaƙe, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Dogo ya tafi Kaduna sayen kayan gyara, ya raka wani ɗan'uwansa wata asibitin kuɗi. Da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya kama hannuna.

"Baba, rumfa ta tsira."

Na ce, "Alhaji ya rasu?"

"Wane irin rasu? Na gano sirrin Turawa. Na leƙa wani ɗaki, na ga mutum kwance, ƙafarsa cikin wani zobe ƙato, inji na yi tak, tak, tak. Na tambayi nas, ta ce mayen ƙarfe ne ke bugawa yana saki, yana bugawa yana saki, har kumburin agara ya sauka. Ba allura, ba ƙwaya. Baba, mayen ƙarfe! Abin da na tara buhu guda na matattun lasifika!"

Na ce, "Ka daɗe kana kallon injin?"

"Har sai da mai gadi ya kore ni."

"To ai ka gama karatu. Wasu likitocin ma ba su samu an kore su ba."

Ya ce zai haɗa nasa, ya warkar da Alhaji, Alhaji ya bar mashi rumfa har jikokinsa. Na ce wannan shawara ko ni iyakar abin da zan kawo ke nan, kuma ni an san kaina.

Zoben da zai ɗauki ƙafar mutum ne ya rasa, sai ya je gida ya sato turmin matarsa. Ya jera mayen ƙarfe a cikinsa, ya kwance wayar tagulla daga wata ƙonanniyar fanka ya nannaɗe turmi da ita tun daga gindi har baki. Ya aro batirin mota. Saura bugawa da saki. Nan ne ya nuna shi Dogo ne: ya je bayan tasha ya ciro ɗan abin nan da ke sa fitilar sigina ƙiftawa daga wata matacciyar mota, har da fitilar, ya ɗaura. Da ya haɗa waya, sai turmi ya fara tak, tak, tak, fitila na ƙifta ido kamar turmin zai sha kwana hannun dama.

Direbobi sunka taru. Wani ya ce, "Dogo, ina zai je?"

Dogo ya ce, "Inda ubanka bai taɓa zuwa ba. Daga yau Likita za ku riƙa ce mani."

Ba a fara gwaji a kan shugaba, don haka anka nemi mai ciwon diddige na kusa. Akwai Maijidda mai abinci, wadda ke wuni tsaye kan tukunyar shinkafa da wake, kullum tana kukan diddige. Mijinta Lukuman ɗan kamasho ne a tashar, mai baki kamar rediyon da bai ratsa hannun Dogo ba.

Maijidda ta zo da ɗingishi, tana goge hannu da zane. Ta dubi turmi, ta dubi Dogo.

"Yanzu ni za ka daka?"

"Haba uwar ɗakina. Sa ƙafa kawai. Kafin ruwan shinkafarki ya tsotse kin warke."

"In na mutu fa?"

"Sai in gyara waya."

Ta zauna kan benci ta sa ƙafa. Tak, tak, tak. Jama'a sunka matso. Dogo ya sa hannu a baya yana zagaya ta, yana gyaɗa kai irin na manya.

"Mi kike ji?"

"Ƙaurin shinkafata."

"Ban da shi."

"Ƙaiƙayi. Akwai sauran barkono a turmin ga."

Ta duƙa za ta sosa, sai ji munka yi ƙwas! Awarwaron hannunta ya manne a bakin turmi. Ta ja, ya ƙi. Ta ƙara duƙawa ta ga abin da ya kama ta, sai sarƙar wuyanta ta yi tsalle ita ma ta bi sahu. Maijidda ta zama a duƙe, kai da ƙafa da hannu duk a turmi guda.

Awarwaron nan da sarƙar nan kuwa duk Tsafe an san su. Zinare ne, in ji Lukuman, ya yi mata saƙonsu tun daga Makka a hannun wani alhaji. Ba bikin da ba ta karkaɗa su a fuskar mata ba.

Ni kuma ba na son ganin mutane cikin duhu. Na yi gyaran murya na ce, "Ikon Allah. Ni da na zauna da maƙeran zinare a Kano har suna neman shawarata, ban taɓa ganin zinaren da ke bin mayen ƙarfe ba. Amma wataƙila na Makka ya fi ladabi."

Maijidda ta juyo da ido daga duƙen da take. "Lukuman."

Lukuman ya ce, "Na'am. Gusau! Gusau! Saura mutum ɗaya!" Ya nufi wata mota da ko taya babu.

Da anka ɓamɓare ta, ba ta ko nemi takalmi ba. Ta ɗauki muciya ta bi shi, sunka zaga tasha, sunka fita ta ƙofar baya, sunka shiga layin masu gyaɗa.

Dogo ya ɗaga hannu sama. "Jama'a ku shaida! Da ɗingishi ta zo!"

Da yamma ta dawo tana ɗingishin da ya fi na da, ta ce kada Dogo ya ƙara zuwa da kwano wurinta. Shi kuwa ya zauna ya yi nazari, ya ce matsalar guda ce, ƙarfi bai isa ba, tunda har mai jinya na iya jin ƙaurin shinkafa. Ya koma wurin matacciyar motar nan ya ciro kwayil, abin da ke ba fulogi wuta, ya ƙara a jikin turmi.

Na ce, "Likita, na Kaduna akwai wannan?"

Ya ce, "Na Kaduna na mata ne."

A Tsafe dai ba wanda ya ƙara yarda ya sa ƙafa. Mazan da sunka taɓa saya wa matansu zinare kuwa har hanya sunka canza. Sai munka ɗauki turmi ranar kasuwar Bungudu, inda ba a san mu ba. Ni ne mai shela, don murya irin tawa ko masu lasifika na jin haushinta.

"Ina mai ciwon diddige! Ina mai kumburin agara! Ga Likita Dogo daga Kaduna, ga inji daga ƙasar Jamus!"

Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Jamus ɗin ma da turmi suke daka?"

Na ce, "Inna, a wurinmu sunka koya."

Can sai ga taro ya dare, wani ƙato ya fito yana jan ƙafa. Buba ke nan, ɗan kokawar Bungudu, wuyansa kamar gindin kuka, damatsansa cike da kambu da layu. Agara ta kama shi tun kokawar kaka, ga wata kokawar na matsowa, yana tsoron a ce ya gudu.

Ya ce, "Kai ne likitan?"

Dogo ya ce, "Ni ne. Irinku nawa na tayar."

"Akwai zafi?"

"Ko sauro ya fi shi."

"Ni ba zafi nake tsoro ba. Tambaya na yi."

Kafin ya sa ƙafa, sai ya ciro wata gora daga ƙugu ya wanke ƙafar da ruwan magani, don 'yan kokawa ba su sa ƙafa a baƙon wuri haka nan. Ya tsoma ta a turmi tana ɗiga, ruwa ya kwanta kan wayoyin da Dogo ya bari tsirara. Dogo ya ce bismilla, ya haɗa batir.

Tak na farko, Buba ya miƙe zaune, idanunsa sunka fito.

Tak na biyu, ya kira sunan uwarsa. Ƙato kamar wannan, gaban masu daddawa.

Tak na uku bai same shi a turmi ba. Ya zare ƙafa, ya cafki abin da ya fi kusa da shi, wato Likita, ya ɗaga shi sama har na ga ƙasan takalminsa, ya juya shi, ya dasa shi cikin tarin tattasai. Makaɗan kokawa da ke cin tuwo a gefe ba su san sadda sunka ɗauki ganga ba. Shi kuwa Buba ya yanki hanyar gulbi da gudu, yana yarfa ƙafa, yara na bin sa.

Na je na tono Dogo. Ya fito yana atishawa, hula a gabas, ido jawur. Kalmar farko da ta fito bakinsa ita ce, "Baba, ka ga gudun?"

Na ce, "Na gani. Na ga tashinka ma."

"Wannan murna ce. Haka 'yan kokawa ke godiya."

Mai tattasai bai fahimci godiyar ba, sai da munka bar mashi hular.

Ku san halin labari in ya hau mota. Da ya bar Bungudu, ɗan kokawa ne ya ruga. Da ya kai Gusau, gurgu ne ya tashi. Kafin ya shiga kunnen Alhaji Sahabi, gurgun ya zama guragu, har sun yi tsere. Ni ban ƙara komi ba, illa wani direba da ya tambaye ni na ce mashi abin ya fi ƙarfin baki.

Sai ga saƙo: Alhaji na neman Likita a Gusau, ranar taron direbobi, a babbar tasha. In ƙafa ta warke, rumfa ta zauna.

Dogo ya ce ƙafar shugaba ba irin ta talaka ba ce, tana son ƙari. Ya juye sauran buhun mayen ƙarfe duk ya liƙa a bakin turmi, har ramin ya tsuke. Ya aro farar riga wurin mahauci, ya rataya abin jin kiɗa na kunne a wuya kamar na likitoci.

Ranar nan babu mai, babu lodi, don haka duk direban da ke Gusau yana wurin, har da na Tsafe da na Bungudu. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru. Alhaji Sahabi na tsakiya cikin farar shadda mai ɗaukar ido. A gefensa ga Alhaji Kabiru mai tireloli, wanda sunka yi takarar shugabanci da shi ya sha ƙasa. Gaisuwa suke da haƙora, kowa na addu'ar ɗan'uwansa ya riga shi tsufa.

Alhaji Sahabi ya dubi turmi ya daɗe.

"Dogo, wannan ba turmi ba ne?"

"Ranka ya daɗe, a ido turmi ne."

"A ƙafa fa?"

"A ƙafa Jamus ne."

Alhaji Kabiru ya ce, "Sa ƙafa mana, shugaba. Ko tsoro?"

Wannan kalma ita ta sa ƙafar. Da ƙyar ta shiga, don ta kumbura ga rami ya tsuke, sai da Dogo ya danna gwiwar Alhaji da hannu biyu munka ji ta faɗa, fut. Ni kuma na matsa na raɗa wa Likita ya cire kwayil ɗin nan, don Alhaji ba ya kokawa amma yaransa na yi. Ya cire yana gunaguni.

Sai Alhaji ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ba a yi mani aiki shiru. A sa mani waƙata."

Ya sa hannu a aljihu ya fiddo wani kaset naɗe cikin hankici. Direbobi sunka fara murmushi, don ba wanda bai san shi ba. Waƙa ce da marigayi Tambaya mai kalangu na Bilbis ya yi mashi shi kaɗai, a zauren gidansa, shekarar da ya sayi motarsa ta farko. Tambaya ya rasu, kaset ɗin kuma guda ne tak a duniya, don Alhaji bai taɓa yarda a kwafa ba. Cewa yake waƙar da kowa ke da ita ba waƙa ba ce.

Ya miƙa wa Dogo da hannu biyu. "Riƙe da kyau. Ya fi rumfarka tsada."

An kawo rediyo, batirinsa ya mutu. Dogo ya ce ba komi, zai ja wuta daga batirin inji. Hannunsa biyu na cikin waya, sai ya nemi inda zai ajiye kaset, bai ga wuri mai tsabta da ya wuce bakin turmi ba. Ya ɗora shi daidai kan tulin mayen ƙarfe, ya kunna inji wai ya ɗumama. Tak, tak, tak. Fitila na ƙiftawa, kaset na kwance, Dogo na cizon waya da haƙori yana ba jama'a labarin yadda Turawan Kaduna sunka roƙe shi ya zauna ya ƙi.

Ya daɗe yana wannan. Sannan ya ɗauki kaset ya sa, ya danna.

Shhhhhh.

Alhaji ya ce, "Ƙara murya."

SHHHHHH.

"Juya bayansa."

Ya juya. Can ƙasa-ƙasa anka ji wani abu kamar mutum na kiɗa a cikin rijiya, ya yi wuuu, ya nutse. Sai shhhhh.

Wani makanike daga baya ya ce, "Kai, ba dai kan mayen ƙarfe ka ɗora kaset ba? Kai da ke sana'ar kaset?"

Dogo ya ce, "Wannan ai mayen magani ne, ba ya cin waƙa."

Alhaji Sahabi bai yi ihu ba. Ya ce a hankali, "Dogo, ina Tambaya?"

"Ranka ya daɗe, ya rasu."

"Na san ya rasu. Na cikin kaset nake tambaya."

"Shi ma... da alama ya bi shi."

Alhaji ya yunƙura zai tashi, turmi ya ce ina. Ƙafa ta ƙi fita. Ya ja, turmi ya biyo shi, batir ya biyo turmi, fitila na ta ƙiftawa. Ya koma kujera daɓas. Yaran mota sunka fara naɗe hannun riga. Ni kuwa na ja da baya kaɗan, ba don tsoro ba, don in ga komi da kyau saboda ku.

Nan Dogo ya ga rumfa na tafiya, haƙoransa na shirin bin ta. Sai ya faɗi kan gwiwa.

"Alhaji, kada a taɓa ni! Waƙar ba ta ɓata ba, tana nan a kaina! Na haddace ta tun daga farko har ƙarshe. In rera ta yanzu a ɗauka a sabon kaset!"

Alhaji ya ce, "A ina ka haddace ta, ni da ban taɓa ba ka ba?"

"Ranka ya daɗe, likita ba ya faɗin sirri."

"To rera. In ka kawo ta daidai, na bar maka rumfa. In ka kuskure baiti guda, kai da Tsafe sai a mafarki."

Dogo ya miƙe, ya kife kwanon wani mai shayi, ya fara kiɗa da yatsu. Muryarsa kuwa, kun san ƙofar kwano in iska na kaɗa ta. Amma abin mamaki, waƙar ce. Ita ce sak.

"Mai mota ya fito, ku ba shi hanya,
Ƙurarsa ta isa gari kafin ya iso,
Direban da kwalta ke gaishe shi..."

Direbobi sunka fara amshi. Fuskar Alhaji Sahabi ta saki, ya lumshe ido, yana kaɗa kai, har ƙafar da ke cikin turmi na motsi. Na ce a raina, kai, wannan ɗan banza zai tsira. Dogo ya ga haka, sai kansa ya kumbura, ya ɗaga murya ya shiga wurin kirari da ƙarfinsa:

"Sai kai Kabiru mijin Saude,
Kabiru mai tirela, ba ka da na biyu!"

Amshi ya tsaya a maƙogwaron mutane. Ba abin da ke motsi sai turmi. Tak. Tak. Tak.

Alhaji Sahabi ya buɗe ido ɗaya. "Wa?"

Dogo ya ce, "Au."

Ashe Tambaya, Allah ya jiƙansa, waƙar mota guda gare shi. Duk wanda ya sayi mota ya kira shi zaure, sai ya rera mashi ita, ya cire sunan wancan ya sa na wannan, ya rantse bai taɓa yi wa kowa irinta ba. Kaset ɗin Alhaji Kabiru kuwa ya sha zuwa rumfar Dogo kwafa, a nan waƙar ta zauna mashi a kai.

Alhaji Kabiru ya gyara babbar riga, ya yi murmushin da bai yi ba tun ranar zaɓe.

"Ai shugaba kada ka damu. Ina da ita a mota, har guda uku. In aiko maka da ɗaya, in an zo wurin sunana sai ka riƙa yin tari."

Wani tsohon direba daga 'Yankuzo ya ce, "Wallahi ni ma ina da ita. A tawa mijin Sa'adatu ake kira."

Tasha ta fashe. Mutane na faɗuwa daga benci, wani na riƙe ciki yana roƙon a bari, yaran motar da sunka naɗe hannun riga sun jingina da juna suna hawaye. Shekara da shekaru Alhaji na tsare mutane a ofis yana sa masu waƙar da babu irinta a duniya, ashe rabin tashar na da ita a ƙarƙashin kujera, kunya ta hana su faɗi.

Alhaji Sahabi ya ce, "Ku cire mani wannan abu."

An ja, an murɗa, ƙafa ta ƙara kumbura. Wani ya ce a kawo gatari, Alhaji ya ce duk wanda ya kawo gatari kusa da ƙafarsa ya bar tuƙi. Ƙarshe makanikai sunka kawo galan na baƙin mai sunka tuttula a turmi. Mutum huɗu na riƙe da Alhaji, wasu na jan turmi. Da ta fito, ta fito da ƙarfi, baƙin mai ya yi tsalle ya sauka kan farar shadda tun daga wuya har ƙasa.

Dogo ya matso yana murza hannu. "Ranka ya daɗe, yaya ƙafar? Ka ɗan taka mu gani. Galibi sai an yi zuwa goma."

Alhaji ya dube shi, mai na ɗiga daga gemunsa. Bai zage shi ba, bai sa a buge shi ba. Ya kira sakatarensa.

"A aika Tsafe yanzu. Kafin la'asar ina son wurin rumfar nan ya zama fili, a share, a yayyafa ruwa." Ya juya ga direbobi. "Kuma duk motar da ta ɗauki wannan mutum ko turminsa, daga nan har iyakar jiha, ta nemi wata tasha. Likita, ɗauki Jamus ɗinka."

Ni dai an ba ni gidan gaba a motar farko da ta samu mai, don ba a wulaƙanta manya. Mun wuce Dogo wajen fita gari, farar rigar mahauci ta koma baƙa, turmi bisa kai, yana ɗaga wa motoci hannu suna ƙara wuta. Na leƙo na ce ya riƙa kunna sigina in zai kauce wa rami.

Tun daga Gusau har Tsafe a ƙasa ya taka. Washegari da hantsi ina zaune gindin bedi, inda da akwai rumfa yanzu sai fili mai tsabta, sai ga shi ya ɓullo. Tafiya yake kamar mai taka ƙaya, diddigen dama ba ya taɓa ƙasa, agara ta kumbura kamar an cusa ƙwai. Ya sauke turmi, ya tsaya yana kallon filin. Ya daɗe. Sannan ya zauna kusa da ni yana nishi.

Na ce, "Sannu Likita. Mi ya samu ƙafar?"

"Agara ce, Baba. Kamar ana sa mani wuƙa."

Na jawo turmi gabansa, na share bakinsa da hannun riga. Na ce, "To ai ka zo gida. Sa ƙafa, ni zan riƙe maka waya."

Ya janye ƙafarsa ya ɓoye ƙarƙashin riga.

"Haba Baba. Ina da iyali."